Ƙofar da Kawu Ya Liƙe

Kawuna mai walda ne. Ƙanin mahaifiyata ne, ciki ɗaya, kuma a hannunsa na tashi bayan rasuwar iyayena. A unguwarmu ba mai kiransa da ainihin sunansa. Yara su ce Baba Mai Walda, sa'o'insa su ce Tartsatsi, don ba ka taɓa ganin rigarsa babu hujin ƙuna. Matarsa, wadda nake kira Inna, takan ɗaga rigar a rana bayan wanki ta ce, "Wannan kuma ai ta tashi daga riga, ta koma rariya." Shi kuwa sai ya ce iska ce take shiga, ya huta da sayen fanka.

Rumfarsa tana jikin gidanmu, a bakin titi. Rumfar kwano ce, da injin walda a kusurwa cikin kejin da ya ƙera masa, ga tulin guntayen rodi, ga ƙyamare da tagogi jingine da bango. Ba shi da yawan magana. In ka kawo aiki sai ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Jibi." Jibin Kawu kuwa jibi ce, ba irin ta teloli ba.

A ƙarshen layinmu akwai ƙaramin asibitin gwamnati. Ɗakin awon ciki ne, da ɗakin haihuwa, da ɗan ɗakin magani, sai baranda inda mata suke zama ranar rigakafin yara. Mai kula da shi wata nas ce ungozoma, kowa Sista yake ce mata. Gajeriya ce, mai faɗa kamar ta ari baki. Magidanci ya hana matarsa zuwa awo, sai ta bi shi har wurin sana'arsa ta wanke shi tas a gaban abokansa. Mata kuma suna sonta, don a ɗakinta ne mace za ta rufe ƙofa ta ce ta gaji, tana son hutu tsakanin haihuwa da haihuwa, maganar kuma ba za ta fita ba.

Inna ta yi shekaru tana ɓari. Ciki ya shiga, ya zauna kamar gaske, sai ya zube. Sista ce ta riƙe ta da awo da magani da faɗa, ta hana ta ɗaukar ko bokiti, har Allah ya sa ta haifi 'yarsu tilo. Ranar da Kawu ya je ganin jaririyar, ya leƙa ɗakin haihuwa ya ga ƙafar gadon a karye, an tokare ta da bulo. Washegari ya zo da amalanke ya ɗauki gadon, ya yi masa sababbin ƙafafu da bututun ƙarfe mai kauri, ya ƙara masa mariƙi a gefe inda mai naƙuda za ta damƙa.

Daga nan asibitin ya zama nasa. Shi ya yi bencina na baranda, shi ya yi sandar rataye ledar ƙarin ruwa, shi ya ɗora tankin ruwa a kan ƙarfe, shi ya yi wa sola keji a rufi don kada ɓarayi su sace firijin allurar yara ya mutu. Sista ta yi maganar ladan aiki sai ya nuna 'yarsa da haɓa ya ce an biya tun tuni. Inna takan tsokane shi ta ce ƙyauren bayan gidanmu ya shekara yana lilo, da na asibiti ne da tuni an yi masa fenti.

Kawu yana da amini guda, Lauya. Bai taɓa shiga ajin shari'a ba, bakinsa ne ya jawo masa sunan. Dillalin filaye da gidaje ne, mutum mai fara'a, wanda zai sayar maka da takalminka kana sanye da shi ka yi masa godiya. Tare suka yi ƙuruciya, shi ya raka Kawu neman auren Inna, kuma tun da na yi wayo ban san ranar da aka raba abincin rana a gidanmu ba a ajiye kwanon Lauya ba. Baba nake ce masa. Da aka kafa kwamitin unguwa mai kula da asibiti, mutane suka ce Kawu ya shugabanta, ya ƙi.

"Ni hannu ne," in ji shi. "Shiga ofis sai mai baki. Ku ba Lauya."

Haka aka yi shekaru, Lauya yana magana, Kawu yana walda, abin yana tafiya daidai.

Shekarar da na yi aure abubuwa suka fara canzawa. Aka ce masu ba da tallafi daga waje sun janye hannu. Maganin ƙarin jini na masu ciki ya yanke, safar hannu ma sai mace ta zo da tata. Sai kuma raɗe-raɗi ya bazu cewa za a rufe ƙananan asibitoci, a tattara kowa a babban asibiti da ke can ɗaya ɓangaren gari, bayan gada. Aka kira taro a barandar asibitin, maza a tsaye, mata a kan bencinan Kawu. Lauya ya miƙe ya yi jawabin da ya sa tsofaffi hawaye. Ya ce a ɗakin nan aka yanke cibiyar 'ya'yansa duka, wanda zai rufe shi sai dai ya bi ta kan gawarsa. Aka yi ta tafi. Aka wakilta shi ya je ya gana da hukumar lafiya.

Ya yi ta zirga-zirga, yau ya je gobe ya koma. Wata rana da azahar ya shigo gidanmu yana washe baki, ya zauna kan tabarma ya jawo kwanonsa.

"Tartsatsi, ka ba ni goron albishir. Ba rufewa za a yi ba, gyara za a yi. Za a ƙara ɗakuna, har da wurin kwantar da jarirai. Sista za ta ɗan koma babban asibiti kafin a gama."

Kawu ya ajiye cokali. "Allah?"

"Ni zan yi maka wasa da wannan? Abu ɗaya ne ya rage. Kafin ɗan kwangila ya zo, wurin zai zauna ba kowa, ka kuwa san yaran nan, kwaɗo ba ya hana su. Na ce musu muna da mai walda, zai liƙe ƙofar gaba ɗaya har ranar da za a fara aiki."

Kawu bai ko ƙarasa cin abincin ba. Ranar da aka sa, ya ɗora inji a amalanke ya tura har ƙarshen layi. Mutane suka taru suna kallo, ana ta sa albarka. Yana cikin haɗa waya Sista ta fito da jakarta da ɗan abin awon jininta a hammata. Ya ɗaga baƙin gilashin fuskarsa ya ce, "Sista, sai kun dawo sabon gini." Ta dube shi sama da ƙasa, ta wuce ba ta tanka ba. Ya ɗauka ƙarar janareta ce ta hana ta ji. Ya haɗa ƙyamaren biyu, ya gicciya rodi, ya liƙe su sama da ƙasa, irin aikin da yake yi in yana son abu ya daɗe. Duk wanda ya wuce ya ga aikin Baba Mai Walda ne, hankalinsa ya kwanta.

Aka shiga jira. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, ba yashi ba bulo. In an tambayi Lauya ya ce ai aikin gwamnati sai haƙuri, ana kan sa hannu. Ciyawa ta fito a bakin ƙofar, awaki suka mayar da wurin makwanci.

A lokacin ina da cikin fari. Zuwa babban asibiti sai ka hau mota biyu, ka isa ka tarar da layi har waje, wata rana a ce an rufe karɓar masu awo, a dawo wani mako. Na je, na koma, daga baya na gaji na bari, kamar yadda yawancin matan layinmu suka bari. Ƙafafuna suka kumbura, kaina ya riƙa sarawa, tsofaffi suka ce ai cikin namiji ne. Wata safiya ina shanya na faɗi ina jijjiga. Kafin a samo mota, kafin a ratsa cunkoson gada, an daɗe. Likitoci suka ce jinina ne ya hau tun da daɗewa ba a sani ba. Ni na tashi. Yaron bai zo da rai ba.

Kawu ya zo duba ni. Ya tsaya a ƙarshen gado yana murza hularsa, ya kasa haɗa ido da ni. Da aka sallame ni ya ce wa mijina a kawo ni gida wurin Inna in yi jinya. Ko a lokacin bai zargi kowa ba. Abin da yake ta faɗa shi ne, da ɗan kwangilar nan ya yi sauri.

Ina gidan ne wata rana mai sayen tsofaffin ƙarafa ya tsaya a bakin rumfa da kurarsa ta tura kaya, kamar yadda ya saba, ko Kawu zai zaɓi abin da zai yi masa amfani. Kawu yana tona kayan sai hannunsa ya tsaya. Ya jawo wani bututu mai lanƙwasa, ya goge shi da babban yatsa. Mariƙin gadon haihuwa ne. A ƙarƙashinsa ga ƙafafun, an yanke su gunduwa-gunduwa.

"Ina ka samo wannan?"

"A sito, Baba. Sabon siton nan na bayan layinku. Da bencina ma, amma su wani ya riga ka."

Kawu bai rufe rumfa ba, bai ko kashe inji ba, Inna ce ta fita ta kashe. Ya bi ta lungun bayan asibiti, inda ba mai bi sai masu zubar da shara. Ya tarar an fasa katangar baya an yi wata ƙatuwar ƙofa, ga babbar mota a tsaye ana sauke buhunan siminti. An rushe bangon da ya raba ɗakin awo da ɗakin haihuwa, buhuna har rufi. Hoton uwa mai shayarwa yana nan manne a bango, ya yi fari da ƙurar siminti. Daga ciki yana hango ƙofar gaba, a liƙe yadda ya bar ta. Mai gadi ya ce masa wurin na Lauya ne da surukinsa, an ba su haya ta shekaru masu yawa.

Daga nan bai dawo gida ba, ya wuce babban asibiti neman Sista. Ya same ta a ɗakin awo, mata sun yi mata rumfa. Ya jira har ta fito shan ruwa. Shi ya ba mu labarin da bakinsa.

"Me kuma ya rage?" ta ce. "Nan ma liƙewa ka zo yi?"

Ya ce bai gane ba.

"Ba ka gane ba? Shugaban kwamitinku ya tsaya gaban hukuma ya ce mutanen unguwa sun amince a rufe, sun fi son babban asibiti, wai ni na tsufa, ina wulaƙanta matansu. Asibitoci irin namu da mutanensu suka tsaya kai da fata an bar musu. Na ce ƙarya ne, akwai mutum ɗaya da ba zai yarda ba ko za a yanka shi. Ranar da zan tafi na fito, wa na gani da inji a bakin ƙofa?"

Kawu ya ce nan take ya zauna a ƙasa cikin mata masu ciki, da girmansa da furfurarsa. Ya ce mata, "Gyara aka ce mini." Can ta miƙa masa robar ruwanta ta ce, "Sha. Ashe mu biyu aka yi wa."

Washegari da rana Lauya ya yi sallama ya shigo kamar kullum. Ina ɗaki a kwance, labule ne kawai tsakaninmu. Ya tambayi jikina, ya zauna, ya miƙa hannu inda kwanonsa yake zama. Babu kwano. Kawu ya ajiye masa mariƙin gadon a wurin.

Sai Lauya ya yi 'yar dariya.

"Tartsatsi, ka bari in yi maka bayani. Da ni da ba ni, wurin nan rufe shi za a yi. Babu magani, babu albashi. To in bare ya karɓa fa? Gara ɗan unguwa. Ina nan ina shirin in ware maka shago a gaba, ka huta da rumfar kwanon nan."

"Sista ta ce waɗanda suka tsaya an bar musu."

"Maganar mata ce."

"Na ji. In riba ka ci, ka ci. Duniya ce. Abu ɗaya nake tambaya. Masu walda sun cika gari. Me ya sa ni?"

Lauya ya gyara hula. Na rantse a muryarsa babu ko kunya, kamar yana yabonsa ne. "To wa zan kira? Akwai wanda unguwar nan ta yarda da shi kamar kai?"

Inna ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya tsakaninsu. Amma Kawu bai tashi ba. Ya nuna labulen ɗakina ya ce, "Yarinyar da ke cikin nan Baba take ce maka. Ka shiga ka yi mata bayanin da ka yi mini." Lauya ya dubi labulen, ya dubi wayarsa, ya ce ana jiransa. Inna ta bi bayansa har soro ta ce, "Allah ya isa tsakaninmu da kai, da abincina da ka ci."

Da yamma Kawu ya ɗauki injin yankan ƙarfe ya je ya yanke rodin da ya liƙa, ya wangale ƙofar gaba, ya koma gefe ya tsaya. Mutanen layi suka zo suka ga siminti da idonsu. Ba a jima ba 'yan sanda suka zo suka tafi da shi, wai ya fasa wurin mutane. Sai da tsofaffin unguwa suka je suka tsaya masa aka sake shi. Abin da ya fi kamun ci masa rai shi ne maganar da ta fara yawo. Wasu suka ce da ɗan gari akan ci gari, ba yadda za a yi amini ya yi wannan amini bai sani ba, rabo ne bai yi daidai ba shi ya sa ya tona. Mutanen da ya yi wa ƙyamare bashi suka riƙa gaishe shi sama-sama. Ya rame, ya daina zama a majalisar ƙofar gida.

Mata ne suka ɗauki maganar. Inna, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya a waje ba, ta bi gida-gida. Suka je hukumar lafiya da goyo da ciki, suka zauna a tsakar ofis, aka ce shugaba ba ya nan, suka ce su ma ba inda za su. Ni ma na je, ina dafa bango. Kawu yana can bayanmu a bakin ƙofa, riƙe da guntayen ƙafafun gadon a cikin buhu. Da shugaban ya fito Kawu ya matso gaba. Sai ya zazzage buhun a gabansa kawai.

Mun yi ta zuwa har takalma suka suɗe. Ginin dai bai dawo ba. Aka ce an riga an ƙulla haya, warware ta sai kotu, kotu kuwa sai mai ƙarfi. Abin da muka samu shi ne Sista za ta riƙa zuwa kowace Laraba da akwatin allura da abin awo, in unguwa za ta ba da wuri. Kawu ya kwashe rabin rumfarsa, ya yi bango da faifan ƙarfe, ya sa ƙofa da labule, ya sake ƙera gado da bencina. Ran Laraba ba ya tayar da inji, ya ce ƙarar ba ta yi wa kunnen jarirai kyau. Haihuwa kam har yau sai an tsallaka gada. Amma ana awon jini, ana yi wa yara allura, mace kuma ta samu inda za ta rufe ƙofa ta yi magana. 'Ya'yana biyu da na haifa daga baya, a rumfar Kawu aka yi awon cikinsu.

Bai sake yin aboki ba. Ya daina bin ƙarshen layi, ko kasuwa za shi sai ya zagaya. Da aka kafa sabon kwamiti ya shiga, ba ya kuma bari a tura mutum ɗaya ofis, ko wane ne. Sai a tafi da yawa, da mata a ciki, a dawo kowa ya faɗi abin da ya ji.

Bara Lauya ya kwanta ciwo, ɓarin jikinsa ya shanye. Ya aiko babban ɗansa ya ce yana son ganin Tartsatsi. Inna ta ce ya je, mutuwa ba ta sallama. Ni ma na ce ya je. Ya yi wanka, ya sa rigar da ba ta da huji, ya fita. Ba a daɗe ba ya dawo ya zauna a bakin rumfa.

Na ce, "Kawu, har ka gan shi?"

Ya ce, "Na je har ƙofar gidan. Na ji muryarsa daga ciki, baki ya karkace amma dai ita ce. Sai na ji in na shiga zai yi mini magana, ni kuma zan yarda."

Ya cire rigar ya ba Inna ta ninke. Lauya yana nan da rai, ana fito da shi shan iska a kujera. Kawu ya tsufa, walda ta ci idonsa, yanzu sai ƙananan gyare-gyare yake yi da lalube. Siton kuwa an ƙara masa bene.